Agogon Inna Talatu

Kwana tara ke nan da Baffa Maliki ya cire agogon daga hannun Inna Talatu, amma har yau in ta ɗaga hannu sai ta dubi gurbinsa.

Fadila tana lura. Ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta tsoma yatsun mahaifiyarta a ciki, tana matsa su ɗaya bayan ɗaya. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsu biyu sun karkace. Shekara talatin Inna ta yi tana matsar man gyaɗa da murza ƙuli-ƙuli da su a nan Tudun Wada cikin Daura, kafin sanyin ƙashi ya kama ta.

Ciwon ma da sauƙi. Gajiyar da yake jawowa ita ce abin tsoro. Ranar da Inna ta tashi da ƙarfi sai ta yi aikin kwana uku a yini ɗaya, daga nan ta kwanta kwana uku ko kofin shayi ba ta iya ɗagawa. Haka suka yi shekara biyu, ita da autarta, har Allah ya haɗa su da Musaddiq.

Musaddiq mutumin Sandamu ne, ma'aikaci a sashen gashin ƙashi na asibitin unguwarsu. Shi ya ɗaura wa Inna agogon roba mai ƙirga taku da barci, ya sa mata manhaja a waya. Kowace safiya wayar takan tambaye ta da Hausa yadda ta tashi. In da ƙarfi ta danna kore, in da dama-dama ta danna ruwan ɗorawa, in jiki ya mutu ta danna ja, sannan ta faɗi da bakinta inda ke mata ciwo. Duk abin da ta danna ko ta faɗa yana zuwa wayar Musaddiq, shi kuma ya tsara mata yinin. Aikin minti ashirin, agogo ya girgiza, ta ajiye komai ta zauna.

Da farko Inna cewa ta yi ita ba a taɓa ba ta umarni daga tsintsiyar hannu ba. Cikin wata huɗu sai ga ta tana zuwa barkar maƙwabta da ƙafarta.

A cikin watannin nan ne zancen Musaddiq da Fadila ya tashi daga kan manhaja ya koma wani wuri. Manyansa suka zo daga Sandamu da goro da alewa, aka yi gaisuwa. Baffa Maliki, ƙanin marigayi mahaifinta, shi ya karɓa da hannunsa.

Bayan sati uku, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, taku biyu tsakaninta da kaskon mai da ke tafasa.

Yau ɗin, Fadila tana goge wa Inna hannu suka ji tsayuwar babur. Baffa ya yi sallama ya shigo, ƙafafunsa duk ƙurar kara, da alama daga cinikin shanu yake.

"Matar Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ƙanin miji. Da tsaraba ka zo, ko bakin ne kawai yau ma?"

"Tsarabar yau ta fi ƙarfin leda." Ya zauna a kan turmi, ya amsa gaisuwar Fadila, sannan ya gyara murya. "Fadila, zauna, da ke nake. Jibi Juma'a, bayan an sauko masallaci, Alhaji Lawal zai zo da mutanensa nema wa ɗansa Ikrima aurenki."

Fadila ta sunkuyar da kai. Ta san za a zo nan, ba ta dai zaci da wuri haka ba.

"Baffa, ai akwai maganar wasu a ƙasa."

"Maganar wasu ta faɗi tare da uwarki a bakin murhu. Da kunnena na ji yaron nan ya amsa cewa shi ya ƙara mata tafiya, shi ya tsawaita mata aiki daga minti ashirin zuwa arba'in. Tsohuwa mai ciwo! Don waya ta ce." Ya girgiza kai. "Ni ba dole zan yi miki ba. Ke ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce, kin fi ni karatu. In ba ki son Ikrima ki faɗa, in sallame su. Amma bakina ba zai ɗaura aurenki da wanda ya kusa jefa matar yayana cikin mai ba."

"Baffa..."

"Kuma ki duba. Gidan Ikrima ga shi nan bayan layinku, in uwarki ta yi tari za ki ji. Yaro mai kunya, ga shagon maganinsa. Ko jiya shi ya aiko da man zafin nan. Me ake nema a miji?"

Fadila ta saci kallon mahaifiyarta. Inna ta juyar da fuska tana duban bango, kamar an rubuta mata wani abu a jiki. Tun ranar faɗuwar, in aka ambaci Musaddiq haka take yi.

Wannan shirun ya fi maganar Baffa yi wa Fadila ciwo.

Washegari da ta tashi daga makaranta ta biya asibiti karɓo wa Inna magani. Ba ta shirya ganinsa ba, ko kuma ta shirya ta ɓoye wa kanta. Tana fitowa ta hango shi a benci ƙarƙashin darbejiya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Malama," ya ce, ya miƙe tsaye.

"Likita."

Da can in ta kira shi haka yakan ce ta daina ƙara masa matsayi. Yau bai ce ba. Ta zauna a ƙarshen bencin, shi ma ya koma ɗaya ƙarshen.

"Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi, in ji ta. Amma ta koma gidan jiya. Shekaranjiya ta share tsakar gida har da wanki, jiya ko sallah a zaune ta yi."

Ya runtse ido. "Na ji gobe za su zo."

"Daura ba ta da faɗi."

"Fadila, ki yarda da shi. Baffa gaskiya ya faɗa. Ni na ƙara mata aikin, da hannuna. Da man nan ya zube mata, da wane ido zan dube ki har in mutu?"

"Haka kawai? Ka ɗauko ni ka miƙa kamar katin asibiti?" Hawaye suka zubo, ta sa gefen mayafi ta tare. "Kwana goma ina jiran ka ce mini wani abu. Ko ƙarya ce ka yi mini, in samu abin riƙewa. Sai yau ka buɗe baki, abin da ka samu ke nan?"

"Ba ni da hujja. Abin da nake da shi wannan ne kawai, kuma kullum sai na kalle shi har idona ya yi zafi."

Ya miƙo mata wayarsa. Jadawalin kwanakin Inna ne, kowace rana da ɗigonta. A sama launukan a gauraye suke, ja nan, ɗorawa can, kore jefi-jefi. Daga wani layi zuwa ƙasa kuwa kore ne zalla, ba ko gauraye.

"Kwana ashirin da ɗaya," in ji Musaddiq. "Kore kullum. A tsarin aikinmu, wanda ya jera sati biyu haka ana ƙara masa kaɗan. Na yi ta murna, na ce Inna ta samu kanta."

Fadila ta sa yatsa a kan koren farko. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan wace rana ce?"

"Litinin."

"Litinin ɗin da ta biyo bayan wace Lahadi?"

Ya karɓi wayar ya duba kwanan wata. Ta ga leɓensa yana motsi, sai kuma ya tsaya cak.

"Ranar da su Kawu suka kai goro," ya ce a hankali.

"Saƙonnin muryar fa? Da tana faɗa maka inda ke ciwo."

"Da har faɗa take yi mini a ciki. Ta ce gwiwar hagu ta hana ta barci, ta ce ƙugunta kamar an daka. Daga ranar nan sai ta koma, 'Lafiya lau, mun gode Allah.' Shi ke nan."

"Kai kuma ba ka ga komai ba?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai.

"Na gani," ya ce. "Agogo yana nuna barcinta bai kai awa huɗu ba. Mai barcin awa huɗu ba ya tashi da kore."

"To me ya hana ka tambaye ta?"

"Da wane baki? Da ina shiga har ɗakinta, in kama gwiwarta in lanƙwasa, in ce Inna yau kin yi ha'inci. Tun da aka kai goron nan a zaure nake tsayawa, ke shaida ce. Ko muryarta na ji daga ciki sai in rasa inda zan sa kaina. Sai in ɗauki waya in ce mata, Inna, agogo ya ƙaryata ki? Na ce a raina babba ba ya ƙarya, watakila agogon ne ya sassauta a hannunta."

Fadila ta dube shi, hawaye na zuba, dariya kuma na neman ƙwace mata.

"Allah ya shirye ku, kai da ita," ta ce, ta ɗauki ledar maganinta.

"Ina za ki?"

"Gida. Kar ka sake ba da ni ga kowa sai ka ji daga gare ni."

Ta tarar da Inna kwance a tabarma a inuwar rumfa. Ta ba ta magani, ta ɗebo ruwa, ta zauna ta ɗora ƙafafun tsohuwar a cinyarta tana dannawa. Sai da jikin Inna ya saki sannan ta yi magana.

"Inna, sati ukun nan kafin ki faɗi, da gaske kina jin ƙarfi?"

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Na dai ga koren da kika jera."

Inna ta ja ƙafarta, Fadila ta riƙe a hankali. Kaji suka zo suka yi tone-tonensu suka wuce. Fadila ta ci gaba da dannawa. Ta san halin uwarta, in aka matsa mata sai ta rufe kamar ƙofar langa-langa.

"Auta," Inna ta ce daga ƙarshe, "ke kin yi boko, wani abin ba za ki gane ba."

"Gwada ni, Inna."

"Da yaron nan ɗan asibiti ne. Ɗan asibiti ba a jin kunyarsa, ko ungozoma ai haka take. Ranar da aka shigo da goron nan gidan nan, na kwana ya zama wani abu daban. Da safe waya ta ce in faɗi inda ke mini ciwo. Na buɗe baki, sai na tuna kunnen wa zai shiga. In ce masa ƙuguna? In ce masa na kasa tsugunawa a bayan gida sai da na dafa bango? Wanda zai auri 'yata?" Ta rufe fuska da tafin hannu. "Uwata har ta koma ga Allah mahaifinki bai taɓa ganin tana cin abinci ba. In ta hango shi a hanya sai ta sake layi. Ni ce zan riƙa aika wa nawa labarin jikina kowace safiya?"

"Sai kika danna kore."

"Shi ne ba ya tambayar komai. In ka danna shi sai waya ta ce madalla, ta ƙyale ka."

"Da ya ƙara miki aikin fa?"

"Sai na yi. In ƙi, ya ce me ya faru?"

Fadila ta dubi ƙafafun da ke cinyarta. Sati uku tsohuwar nan tana jan jiki, tana murmushi, ita kuma tana kwana ɗaki ɗaya da ita ba ta gani ba, hankalinta yana kan zanen gado da kwanukan jere.

"Inna, Baffa yana ganin laifinsa ne."

"Na sani."

"Gobe za su zo."

"Na sani, Auta! Kina tsammani barci nake yi?" Hawaye suka gangaro ta gefen idonta zuwa kunne. "Sau uku ina buɗe baki in gaya wa Maliki. In ce masa me? Na yi ƙarya da furfurata? Ya tambaye ni dalili, in ce kunyar wane? Ai faɗin haka ma rashin kunya ne. Uwa ba ta sa baki a zancen auren 'yarta. Ke ki gaya masa."

Fadila ta girgiza kai.

"Ba zan tsaya gaban Baffa in ce uwata ta yi ƙarya ba. Ko na faɗa ma cewa zai yi so ne ya rufe mini ido. In kin yi shiru, Inna, ni ma na yi shiru. Ba zan riƙe ki a zuciya ba, wallahi. Zan ce wa Baffa ya sallami su Ikrima, in zauna in ci gaba da matsa miki ƙafa."

"Ki zauna har yaushe?"

"Har yadda Allah ya yi."

Fadila ta ci gaba da danna wa Inna ƙafa har aka kira la'asar.

Ranar Juma'a da hantsi Baffa ya shigo da sababbin tabarmi biyu a kafaɗa, na shimfiɗa wa baƙi a zaure. Fadila tana bakin murhu tana dama kunu. Ta riga ta shirya kalmomin da za ta faɗa masa, tana ta juya su a baki kamar tsakuwa.

"Maliki," Inna ta kira daga rumfa. "Ajiye kayan nan ka zo."

Baffa ya tsaya. Rabon da ta kira shi da sunansa tsirara tun rasuwar yayansa.

"Lafiya, matar Yaya?"

"Zauna. Kar ka dube ni, dubi can." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Yaron nan na Sandamu. Abin da na gaya wa wayarsa shi ya bi. Sati uku ina ce mata lafiyata ƙalau, alhali ko tsintsiya da ƙyar nake ɗagawa."

"Ke? Don me?"

Fadila ta daina juya muciya.

"Kai da kake zuwa gidan su matarka a Zango," in ji Inna, "ka taɓa jin uwarta ta ce maka ga inda ke mata ciwo?"

"Subhanallahi! Ai ko gaisuwa daga bayan labule take amsa mini."

"To."

Baffa ya cire hula ya sosa kai. Sai kuma dariya ta kama shi, ya yi ta yi har da buga cinya.

"Yanzu matar Yaya, saboda Allah, kin gwammace ki faɗa cikin mai da ki ce wa yaro gwiwarki na ciwo?"

"Yi dariyarka. Ranar da taka 'yar ta kawo nata za mu gani."

"Shi kuma gogan naku, yana ganin abu bai daidaita ba ya kasa tambaya?"

"A zaure yake tsayawa, Baffa," Fadila ta ce daga bakin murhu, muryarta can ƙasa.

"Ikon Allah. Mai ciwo na kunya, mai magani na kunya." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana kallon tabarmin da ya jingine. "Na zagi yaron nan a gaban mutane. Na ce masa kar ya sake taka ƙofar gidan nan. Bai ce mini komai ba sai 'Allah ya huci zuciyarka, Baba.'"

Ya juyo ga Inna.

"Talatu, tambaya ɗaya zan yi miki. Ikrima ya shigo nan ran Talata ya gaishe ki. Me kika ce masa?"

"Na ce masa ƙuguna ya hana ni sakat, ko yana da wani man da ya fi wancan."

"Ba ki ji kunyarsa ba?"

"Kunyar me? Ɗan maƙwabta ne."

Baffa ya mayar da hularsa.

"To ai kin gama magana. Ni ina can ina neman suruki, ashe gidan nan an daɗe da yin shi." Ya juya ga Fadila. "Ki gaya wa yaron nan ya same ni gobe a gida. Kuma ki ce masa daga yau ya nemo mace cikin abokan aikinsa, ita za ta riƙa karɓar saƙon uwarki. Mutum ba ya zama likitan gida kuma surukin gida. Ɗaya zai ɗauka."

Fadila ta durƙusa a inda take, muciya a hannu. Ta so ta yi godiya, kuka ya riga ta.

"Tashi, kununki zai kama," in ji Inna, ita ma tana share ido da bakin zane.

"Saura Alhaji Lawal," Baffa ya ce, kamar da kansa yake. "Shekara ashirin muna cin kasuwa ɗaya da mutumin nan, bai taɓa saɓa mini magana ba. Bari in yi sauri in same shi a gida kafin ya tara mutane."

Bai kai ga ɗaga ƙafa ba suka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka buɗe ƙofa, aka rufe, aka sake buɗe wata. Wata murya mai kauri ta ratso zaure.

"Salamu alaikum! Maliki, na ga babur ɗinka. Na ce bari in sauke goron tun yanzu, kar ya sha rana a mota."

Fadila ta dubi Inna. Inna ta dubi Baffa.

Baffa Maliki ya gyara zaman babbar rigarsa a kafaɗa, ya ja dogon numfashi.

"Ku zauna," ya ce. "Ni na ƙulla, ni zan kwance."

Ya amsa sallamar da ƙarfi, ya nufi zaure.